Kujerar Roba da Garin Kunun Zurmi

Kujerar roba ce fara, irin wadda ake haya a gidan biki. Ita nake jawowa kan darduma idan zan yi salla, tun lokacin da gwiwoyina suka ƙi ɗaukar nauyina. In yi kabbara a tsaye, in yi ruku'u da ƙyar, sai in zauna in ɗan sunkuyar da kai, a ce na yi sujada. Malamai sun ce ya halatta, ban kuma musa ba. Amma ni na san ban kai shekarun da za a ce goshina ya yi sallama da ƙasa ba, ga autata ko firamare ba ta gama ba. Duk abin da na yi a kan ƙibar nan, saboda kujerar nan na yi shi, ba don kwalliya ba. Maigidana ma cewa yake yi jikina ya yi masa daidai. Ban yi mamaki ba, mai sayar da hatsi ne a kasuwar Kaura, ya saba ganin buhu a cike.

Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ce ta sa ni cikin wani rukunin mata a waya, na masu son rage ƙiba. Mai rukunin wata mata ce a Gusau wadda ban taɓa gani ido da ido ba, kuma tun ranar farko ban yarda da ita ba. Ni haka Allah ya yi ni, ko gishiri aka miƙo mini aka ce gishiri ne sai na ɗanɗana. Ta shimfiɗa mana dokokinta: ba tuwo bayan magariba, ba lemon kwalba, ba masa, ba ƙosai. Sai kabeji da kokwamba da dafaffen ƙwai, sai kunu marar sukari. Kafin ka kai loma baki sai ka ɗauki hoton kwanon ka tura mata, ta duba ta ce ka rage. Na bi ne da niyyar in kama ta da ƙarya. Na daina hawa keke napep, na riƙa takawa zuwa makaranta ta gefen layin dogo, ina haki, 'yan acaɓa suna tsayawa suna tambayata ko lafiya.

Sai ga shi matar ba ƙarya take yi ba. Zobena ya fara juyawa a yatsa. Na kai wa tela kayana ya rage. Wata ranar Laraba da la'asar na tsaya kan darduma, na dubi kujerar, na ture ta da ƙafa. Na sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, sai na ji goshina a ƙasa. Ƙanshin dardumar ma na manta shi. Na yi kuka a wurin, kukan daɗi, har na rasa ko raka'a ta nawa nake. Kujerar kuwa na ba yara suka fitar da ita tsakar gida, aka koma ɗora bokiti a kanta.

A wannan yanayin ƙanwata da take aure a Shinkafi ta haihu, aka sa ranar suna. Na shiga mota da sabuwar atamfa, ina jin kaina kamar amarya. Mun wuce Moriki ba mai cewa uffan a cikin motar, kowa idonsa na kan daji saboda masu garkuwa da mutane, kamar yadda muka saba. Ni kaɗai nake murmushi, ina ƙiyasta yadda dangi za su yaba.

Na manta inda nake. A ƙasarmu idan mace mai jiki ta rame farat ɗaya, ba wanda zai kawo kabeji a ransa. Ko ciwo ne take ɓoyewa, ko miji ne ya gaza, ko kuma daga daji ta fito. Ina shiga gidan sunan hira ta tsaya. Wata tsohuwa daga dangin mijin ƙanwata ta kama hannuna biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Sannu da arziki, ɗiyata," ta ce. "Yaushe anka sako ki? Mu wallahi ba mu ji an ɗauke ki ba."

Na yi dariya na ce ba wanda ya ɗauke ni. Ba wanda ya taya ni dariyar. Inna, mahaifiyata, tana zaune kan tabarma a gefe, ta zo daga Zurmi tun jajibiri. Ba ta dubi fuskata ba, wuyan hannuna take kallo, inda awarwaro yake sauka har bayan hannu. Ya kamata in gane wannan kallon. Autanta, ƙaninmu, an ɗauke shi a hanyar gona shekarun baya. Da aka sako shi ya dawo ƙashi da fata, Inna ta yi ta dama masa kunu yana kauda kai, bai kai kaka ba ya rasu. Tun daga nan ba ta son ganin ƙashin wuyan kowa a waje.

Ni kuma 'yar farinta ce. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Da ina ƙarama "waccan" nake, da na yi aure na koma "ta Kaura". Ba ta yi mini magana kai tsaye sai dole, sai dai ta faɗa wa wanda yake kusa, ko ta faɗa wa bango, ni kuma in amsa wa bangon. Ba ta tambayata me yake damuna, ni ma ban kai mata kukan jikina. Shi ya sa ba ta san da zancen gwiwa ba. Shekarun da na yi ina salla a kujera hanya ta lalace, zuwana Zurmi bai wuce in gaishe ta in juyo da rana tsaka ba.

"A ƙara ma ta Kaura shinkahwa," Inna ta ce da ƙanwata. "A sa mata mai da yawa."

Na ce na ƙoshi. Na shiga yi wa matan ɗakin bayanin tsarin da nake bi, da matar Gusau, da hoton kwano. Ina magana ina jin muryata irin ta cikin aji. Inna ta saurara har na gama, sannan ta juya ta dubi bango.

"Ikon Allah," ta ce. "Yau ga wadda ka neman yunwa da kanta."

Da na dawo Kaura ba da jimawa ba wa'adin rukunin ya cika, matar Gusau ta yaye mu da addu'a da gargaɗi. A satin ne wani direban Zurmi ya yi sallama a ƙofar gida da ƙullin garin kunu daga Inna. Ba sabon abu ba ne, takan aiko a lokacin kaka. Gero ne da citta da kanunfari, ga tsamiya a ƙulle daban. Direban ya ce, "An ce naki na ke ɗai, kar a ba yara, shina da yaji." Raina ya yi fari. Na ce ashe tsohuwar ta ji bayanina, ta aiko mini da abin da tsarin ya yarda da shi. Yara dama ba sa shan kunu ba sukari, maigida kuma ɗan shayi ne. Na riƙa damawa safe da yamma ina sha ni kaɗai, kafin wani ƙullin ya ƙare wani ya iso.

Sai yunwa ta zo. Ba irin yunwar da na sani ba, wadda kan lallaɓa a sha ruwa ta kwanta. Wannan tana kama ni a tsakiyar darasi. In ci kabejin, in ci ƙwan, in ɗaga kai in ga ina kankare ƙanzon tukunyar yara. Na tsaya wurin mai awara a ƙofar makaranta, ni da nake yi wa 'yan aji faɗa a kanta. Ƙiba ta dawo, ba ita kaɗai ba, da 'yan rakiya. Fuskata ta kumbura, idanu suka shige tsakiyar kumatu, bayan wuyana ya yi tozo. Kayan da tela ya rage suka ƙi shiga. Wata asuba na sauka sujada na kasa tashi, sai da maigida ya kama ni. Da rana na sa aka sauke bokitin, aka wanke kujerar aka dawo da ita ɗaki. Ranar da baƙin ciki na yini.

Sikelin kemis ɗin unguwarmu na fara tuhuma. Na ce wa mai shagon sikelinsa ya lalace, ya ce in gwada wani. Na taka har kemis ɗin bakin tasha, shi ma ya faɗi abin da na farkon ya faɗa, na fito ina cewa bakinsu ɗaya. Na tuhumi tela da cewa ya wuce awon da na ba shi. Na tuhumi matar Gusau, na ce dama haka suke tsara abin, su sake ka jikinka ya rama abin da aka hana shi, ka dawo musu a guje. Saboda haka na ƙi komawa wurinta. Na ɗaura ɗamara ni kaɗai, na dawo da duk dokokin har da ƙari. Na daure wa yunwar nan da haƙori, na koma tafiyar layin dogo ina ɗingishi. Sikeli bai sauka ba, hawa ma yake yi.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti. Malamar jinyar da ta auna ni tsohuwar sani ce, 'yarta ta yi ajina. Ta ce jinina ya hau, sukari ma ya fara leƙowa. Sannan ta ajiye abin awon, ta tsura wa fuskata ido, ta sa na juya ta taɓa bayan wuyana.

"Malama, tsakaninki da Allah," ta ce, "kina shan sha-ka-fashe?"

Sha-ka-fashe ita ce ƙwayar nan da 'yan mata suke saye a ɓoye idan biki ya matso, don su ciko su yi ɓul-ɓul. Ni da nake cin kabeji kamar zomo za a yi wa wannan tambayar? Na tashi mata da faɗa, na ce ta dube ni da kyau. Ta bar ni na gama.

"Na dube ki, shi yas sa nit tambaya," ta ce. "Wagga huska na san ta. In ba ki sha, to ana ba ki."

Ana ba ki. Da wannan maganar na fito, da ita na shiga keke napep, kafin in iso gida na riga na yanke wa maigidana hukunci. Hujjojina ma a jere suke. Shi ne mai cewa jikina ya yi masa daidai. Bayan sunan Shinkafi kawuna ya kira shi a waya ya tambaye shi ko kasuwa ce ta yi nauyi, in da abin da dangi za su taimaka. Ranar ya shigo gida fuska a murtuke ya ce in daina ja masa magana, shi mai sayar da hatsi a ce matarsa tana kwana da yunwa. Kuma shi ne mai shigowa da tsire da fura a leda, ya ajiye a gabana ya ce in ɗan taɓa. Wa ya fi shi dalili?

Sai na sa masa ido a ɓoye. Idan ya haɗa shayi ya miƙo mini, sai in jira ya juya in musanya kofunan. Na lalube aljihun rigunansa kafin in kai wanki, ban samu komai ba sai goro da zaren buhu, na ce ai ba wawa ba ne da zai bari a aljihu. Na je wurin mai kemis na yi masa tambaya a kaikaice ko maigidan yakan sayi wani abu ban da maganin mura, ya ce a'a, na ce dama ba zai tona abokin cinikinsa ba. Furar da yake kawowa na riƙa ba kajin maƙwabta da almuru, ina leƙen su ta katanga ko za su yi ƙiba. Maƙwabciyar ma ba ta tsira ba. Mun shekara muna musayar kwano ni da ita, ranar Juma'a ta aiko da dambu in mayar da abin da na dafa. Na fara mayar mata da kwanonta yadda ya zo, ta aiko sau biyu ta daina.

A ƙarshe na sa wa ɗakin girki kwaɗo, na daina cin duk abin da hannun wani ya taɓa. Abu ɗaya ne ya rage a duniya da na yarda da shi, garin kunun Inna. Shi nake ɓoyewa a akwatina in kulle, don kada a zuba masa wani abu. Tunda na rage sauran abinci, sai na ƙara shi, na koma sha har da rana.

Wata safiya maigida ya kama ni ina musanya kofi. Ya daɗe yana kallon kofunan biyu.

"Wai mi ag ga ranki?" ya ce. "Kwana da kwanaki ina ganin abin ga ina kyalewa."

Na faɗa masa abin da malamar asibiti ta ce. Ban ce shi ne ba, amma ban ce ba shi ba ne. Ya ajiye biredin da yake hannunsa.

"Ni? Dut zaman ga da munka yi, ni ka zuba miki magani cikin abinci?"

"Ni dai an ce ana ba ni," na ce. "Kuma ba aljani ka ba ni ba."

Ya ɗauki kofin da na tura masa ya shanye, ya ɗauki nawa ma ya shanye, ya sa hularsa ya fita. Daga ranar a kasuwa yake cin abinci. Ya shigo ya yi sallama, in amsa, shi ke nan. Na ji zafin abin, amma na ce wa kaina mai gaskiya ba ya fushi haka. Kullum sai na samo wa zargina ƙafar tsayawa.

Damina ce ta tona asirin. Wani sabon ƙulli ya iso daga Zurmi ranar da aka yini ana ruwa, direban ya miƙo mini hannu da hannu, da ɗaurin Inna a bakinsa, ɗaurin nan nata mai kunne biyu da ba wanda ya iya shi sai ita. Na kwance da kaina. Danshi ya sa garin ya yi gudaji, sai na ɗauko rariya mai laushi na tankaɗe, abin da ban saba yi ba don Inna takan aiko shi a tankaɗe. A cikin tsakin da ya rage na ga wasu 'yan ɓarɓashi farare fat. Na ɗauki ɗaya na ɗora a tafin hannu. Gefensa ɗaya a zagaye yake, sumul, da ɗan layi a tsakiya. Gero ba ya da layi.

Ko a lokacin sai da na nemi wanda zan ɗora wa. Na ce direba ne. Na ce maigida ne ya tare direban a tasha. Na zauna a ƙasan ɗakin girki da rariya a cinya ina juya sunaye, ɗaurin nan mai kunne biyu yana ajiye a gabana. Na ƙulle ɓarɓashin a takarda na kai asibiti. Malamar ta duba ta gyaɗa kai. Ta ce kada in kuskura in yanke shi rana ɗaya tunda jiki ya saba, ta haɗa ni da likita wanda zai riƙa rage mini a hankali. Daga bakin asibitin na kira ƙanwata a Shinkafi. Ban yi dogon zance ba, na ce na tankaɗe garin Inna yau.

"Yaya, wallahi ni aike na anka yi," ta ce. "Wurin mai tallar magani nis saya ran kasuwa. Yac ce na ƙarin jini na da buɗe ciki. Inna ta hana ni barci, kullum sai ta ce ta Kaura za ta bi ɗan'uwanta."

Da yamma na dafa tuwon dawa miyar kuka na jira maigida. Na ajiye masa takardar kusa da kwano, na faɗa masa daga inda ta fito, na ba shi haƙuri. Ba da haƙuri ba abin da na iya ba ne, ya fito a karkace. Ya buɗe takardar ya duba, ya nannaɗe.

"To ni na hita ke nan?" ya ce. "Ko da saura?"

Na ce ya fita. Ya wanke hannu ya fara ci. Can ya ce, "In za ki Zurmi ki bi ta sannu. Tsohuwa ta, kuma ba ƙiyayya ta sa ta ba." Na ce ba ruwansa, tsakanina da uwata ne. A raina kuwa tafasa nake yi. Watannin da na yi ina takawa a rana, da sujadar da na samu aka ƙwace, da mijina da maƙwabciyata da na ɓata da su, duk na tattara na ƙulle tare da ɓarɓashin nan na shiga motar Zurmi.

Na isa ana shirin azahar. Inna tana tsakar gida tana tsince wake, matar ɗayan ƙanena da yake gida tana wanke-wanke. Na durƙusa iya yadda gwiwa ta bari na gaishe ta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, na ga fuskarta ta washe kamar wadda gonarta ta yi kyau.

"Ma sha Allah," ta ce da matar ƙanena. "Ta Kaura ta yi kyau. Jiki ya dawo."

Duk maganar da na jero a mota ta maƙale. Ta ina zan fara? Matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba, yau zan tsaya in ce mata me kika zuba mini? Na yi alwala na bi ta ɗakinta. Ta shimfiɗa tabarmarta, ta tura mini darduma da ƙafa. Na duba ɗakin ba kujera, sai na ja dardumar zuwa bakin gadonta na ƙarfe. Muka tayar da salla kusa da juna. Da aka zo sujada ita ta sauka, tsohuwa da furfura da baya a tanƙware, ta kai goshinta ƙasa ba tare da ta dafa komai ba. Ni na zauna a bakin gado na sunkuyar da kai. Gadon ya yi ƙara, kowace raka'a sai ya yi.

Da muka sallame ta daɗe a zaune. Carbi yana hannunta amma ba ya tafiya. Ba kowa a ɗakin sai mu biyu, sai ta dubi bango.

"A tambayi ta Kaura, mi yas sa ta salla zaune?"

Ni ma bangon na duba na ba shi amsa. Na ce gwiwa ce, ta daɗe, nauyi ya yi mata yawa. Na ce shekaru na yi ina salla a kujera, shi ya sa na nemi ramar nan da kaina. Na ce lokacin da aka gan ni a Shinkafi, lokacin ne na samu goshina ya koma ƙasa, kuma ban taɓa jin lafiya irin ta lokacin ba. Yanzu ga shi ta gudu, ga hawan jini, ga sukari. Na ciro takardar na buɗe na ajiye a gefen tabarmarta. Muryata ta so ta tashi, na danne ta.

Inna ta kalli ɓarɓashin. Ba ta musa ba, ba ta tambayi ko mene ne ba.

"Hannunta nig gani Shinkahi," ta ce wa bangon. "Awa nashi, autana. Shi ma hakan ga yad dawo, agogo na yawo ga hannu. Na dama, na dama, bai sha. Nic ce wagga tana sha, ba ni bari."

A waje matar ƙanena tana kiran kaji. Sai na ji tabarma ta motsa. Inna ta juyo gaba ɗaya, ta bar bangon, ta dube ni cikin ido. Ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi. Ban san haka yake fita a bakinta ba, ta ɗan ja ƙarshensa. Ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwata ta dama.

"Wagga ta, ko waccan?"

"Duka biyu, Inna," na ce.

Ta bar hannun a wurin. Ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban ce na yafe ba. Fushin bai tafi a ranar ba, ba zan yi ƙarya ba, har a motar dawowa ina jin sa. Amma na yi kuka a bakin gadon nan kamar yarinya, ita kuma ta yi ta matsa gwiwar da yatsunta masu kaushi har aka kira la'asar.

Yanzu ina kan hanyar rage ƙiba karo na uku. Likita ya yaye ni daga ƙwayar a hankali, yunwar nan ta haukan ta kwanta, kumatun sun fara saɓewa. Wannan karon ƙibar ta fi taurin kai, kamar ta san hanyar gidan. Na aika wa maƙwabciyata da dambu, ta karɓa, kwanon bai dawo da komai ba tukuna. Maigida yana haɗa shayi ya tura mini kofunan biyu ya ce in zaɓa, ba zai bar ni in manta ba.

Bayan sati biyu da zuwana Zurmi direban nan ya sake sallama. Ƙullin ya fi na da nauyi, da ɗauri mai kunne biyu. Na kwance, sai na ga gero ne tsaba, ko surfe ba a yi masa ba. Citta guda-guda, kanunfari guda-guda, tsamiya da ɓawonta.

"An ce ki kai inji da kanki," in ji direban. "Kuma an ce a tambayi ta Kaura, goshi ya kai ƙasa?"

Na ce ya ce mata bai kai ba tukuna, amma ruku'u ya daina wuya. Da ya tafi na ɗauko faifai na zuba geron, hannuna ya fara tonawa da kansa, yana neman abin da ba gero ba. Na tsaya na dubi hannun. Na san ba komai a ciki, ta aiko shi haka ne don in gani da idona. Na mayar da geron cikin ƙullin ban ƙarasa tonawa ba, na sa hijabi na tafi inji a ƙafa.